Mota Mai Zafin Gudu Don Zuwa Ofis: Abin da Ma'aikaci Zai Duba Kafin Ya Miƙa Kuɗinsa

Wani abokin aikina, wanda muka shekara da shekaru muna zaune a ofis ɗaya, ya yi tari na tsawon shekara 4, ya haɗa da kwasar adashi da kuma rancen da ya karɓa daga ƙungiyar ma'aikata, ya sayi wata jar mota mai ƙofa biyu, gajeruwa, wadda in ta tsaya sai ka ce kwanciya ta yi a kan kwalta. Ran da ya fara zuwa aiki da ita, tun daga masinja har babban akawu babu wanda bai fito kallo ba. Aka sa albarka, aka ci goron sabuwar mota. Bayan kwana 11, a kan hanyarsa ta zuwa ofis da safe, ya haye wani tudu da mutanen unguwa suka gina a tsakiyar titi don rage gudu, cikin motar ya daki siminti, kaskon baƙin mai ya tsage. Bai ankara ba sai da jar fitila ta kama a gabansa, kafin ya sami wurin tsayawa inji ya buga. Motar ta yi wata 7 a gareji ƙarƙashin wata darbejiya ana jiran kaya daga Ikko, shi kuwa ya koma hawan A Daidaita Sahu, ga kuma bashi ana cirewa daga albashinsa kowane ƙarshen wata.

Kada mai karatu ya zaci na kawo wannan labari ne don in kashe wa kowa gwiwa. Sha'awar abin hawa mai zafin nama tsohuwar aba ce a ƙasar Hausa, wanda duk ya taɓa ganin samari suna sukuwa da zamiya a ƙofar fada ranar hawan Salla ya san haka. Ita kanta mota da doki ake auna ƙarfinta har gobe, tun lokacin da James Watt, mutumin Sikotilan, ya ƙirƙiro wannan ma'auni a ƙarni na 18 domin ya nuna wa masu saye yawan dawakin da injinsa zai maye gurbinsu. Amma masu dawaki sun san abin da masu sayen mota suke mancewa: dokin da ake kiwo don hawan Salla dabam, wanda ake hawa zuwa kasuwa kullum dabam. Ma'aikacin gwamnati, ko ɗalibin da ke dab da kama aiki, barga ɗaya gare shi kuma doki ɗaya zai iya ciyarwa. Tambayar da ke gabansa ita ce, ko akwai motar da za ta ba shi daɗin tuƙi, ta amsa in ya taka totur, sa'an nan kuma ta kai shi ofis ran Litinin, ta kai iyali ƙauye ran Asabar, ba tare da ta cinye albashinsa ba?

Akwai. Amma galibi ba ita ce wadda ido ya fara faɗawa a kanta a wurin dillalai ba.

Dattawan ma'aikata za su tuna da shekarar 1975, lokacin da aka biya ariyas na Udoji, kuɗi suka shiga hannun mutane a lokaci ɗaya. A wannan shekara ce kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna, kuma cikin ɗan lokaci 504, wadda muke kira Fijo, ta zama motar ofis da ta gida da ta tasha baki ɗaya. Wanda ya dube ta ba zai kira ta motar tsere ba. Ƙofa huɗu gare ta, da but mai ɗaukar buhun masara, ƙarfin injinta kuma bai kai doki 100 ba. Duk da haka, a wannan shekara ta 1975 ɗin, 504 ce ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a hannun Ove Andersson, mutumin Suwidin, ta kuma lashe ta Maroko a hannun Hannu Mikkola na Finlan. A 1978 'yar'uwarta mai ƙofa biyu da silinda 6 ta sake cin Safari a hannun Jean-Pierre Nicolas. Motoci da yawa da suka fi ta ƙarfi sun shiga waɗannan gasa, amma duwatsu da taɓo da ƙura suka karya su a hanya. Fijo ta ci ne da ƙafa mai juriya da tsayi daga ƙasa. Hanyoyin da aka yi waɗannan tsere a kansu kuwa sun fi kama da namu a kan na Jamus.

A Jamus ɗin kuma, a 1976, kamfanin Volkswagen ya fito da wata dabara wadda har yau ita ce amsar da ta fi dacewa da tambayarmu. Sun ɗauki Golf, ƙaramar motar zuwa cefane, suka sa mata injin lita 1.6 mai injekta a madadin kafireto, suka ƙarfafa ƙafarta da birkinta, suka kira ta GTI. Ƙarfinta doki 110 ne kurum, amma nauyinta bai wuce kilo 810 da wani abu ba, saboda haka tana wuce kilomita 180 a awa, kuma tana shan kwana kamar zomo. Kujerunta na baya suna nan, but ɗinta yana nan, yawancin kayan gyaranta kuwa iri ɗaya ne da na Golf ta kowa da kowa. Peugeot ta bi sahu da 205 GTI a 1984, sauran kamfanoni suka biyo baya.

NAUYI DA ƘARFI

A nan ne ya kamata mai saye ya tsaya ya yi lissafi, domin dillali yawan doki zai faɗa masa, ba zai taɓa faɗa masa nauyi ba. Abin da ke sa mota ta zabura shi ne yawan dokin da ke jan kowane tan ɗaya na nauyinta. Raba 110 da nauyin waccan GTI ta farko, za ka sami doki 135 ko fiye ga kowane tan. Wata ƙatuwar jif mai doki 270 da nauyin tan biyu da rabi, doki 108 ne kawai take da su ga kowane tan, ga ta da shan mai kamar raƙumi ya sami tafki, ga ta kuma da tangaɗi a kwana. Mota marar nauyi ba ta cin birki, ba ta cin taya, ba ta cin mai, kuma direba yana jin hanya a tafin hannunsa ta cikin sitiyari. Wannan ji shi ne daɗin tuƙi, kuma ana samunsa a gudun kilomita 60 cikin gari, ba sai an ƙure maleji ba.

Mutanen Japan sun kai wannan ra'ayi matuƙa da Mazda MX-5, wadda ta fito a 1989 da nauyin da bai kai tan ɗaya ba da doki 115 ko kusa da haka. Ya zuwa 2016 an ƙera fiye da miliyan ɗaya, abin da babu wata mota mai kujera biyu da buɗaɗɗen rufi da ta taɓa yi. Toyota da Subaru sun haɗa gwiwa a 2012 suka fito da Toyota 86 mai doki 200. Motoci ne masu daɗi ƙwarai, ba ni da ja a kan wannan. Amma MX-5 kujera biyu gare ta, kujerun bayan 86 kuwa ko yaron firamare sai ya naɗe ƙafa, kuma tsakanin cikinta da ƙasa kamar santimita 13 ne. Magidancin da ake tsayarwa a bakin masallaci a ce ya rage wa Malam hanya, ko wanda surukarsa za ta zo ganin jika da ƙullin kaya, ya san wannan ba motarsa ba ce. Gwauro mai zama a Abuja, inda kwalta take sumul, shi yana iya tunani a kai.

Na biyu su ne manyan motocin Jamus, watau BMW mai lamba 3, wadda aka fara ƙerawa a 1975, da Marsandi mai harafin C. Waɗannan da ƙafafun baya suke tura kansu, ƙafafun gaba aikinsu juyawa kawai, shi ya sa sitiyarinsu yake da daɗi a hannu. A wurin dillalai sau da yawa za ka tarar da tsohuwarsu ta fi Corolla sa'arta araha, sai mutum ya ga kamar tsuntuwa ya yi. Ya kamata ya tambayi kansa dalilin wannan araha. Motar da aka sayar da tsada tana sabuwa, kayan gyaranta ba sa tsufa su yi araha tare da ita. Wayoyi da na'urori sun yi mata yawa, bututan ruwanta da yawa na roba ne masu bushewa a zafinmu, kuma ba kowane bakanike ne ya san ciwonta ba. Wanda ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

Na uku, waɗanda a ganina su suka fi kusa da aljihun ma'aikaci, su ne motocin gida na yau da kullum da aka sa wa babban inji. Toyota Camry ta 2007 zuwa 2011, wadda 'yan kasuwa suka laƙaba wa suna Muscle, akwai mai silinda 6 da lita 3.5 mai doki 268. Honda Accord ta 2008 mai silinda 6 ita ma kusan haka take. Lexus IS 350 tana da doki 306, kuma a ƙarƙashin bodinta Toyota ce. A nan Arewa kuma har yanzu akwai masu riƙe da Peugeot 406, wadda ƙafarta ta san ramukanmu. Waɗannan ba za su tara maka jama'a a bakin ofis ba. Amma a hanyar Zariya, in ka zo wuce tirela biyu a jere ka taka totur, za ka san inda kuɗinka ya shiga, kuma in wani abu ya lalace za ka same shi a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna kafin la'asar. Ni a wurina, motar da kayanta sai an aika Ladipo ko Dubai ba motar zuwa aiki ba ce, ko da kuwa tana tashi sama.

TAYA, MAI DA ZAFI

Bari in daɗe kaɗan a kan taya, domin nan ne samari suka fi yin hasara. A jikin kowace taya akwai lambobi, alal misali 225/40 R18. Lamba ta farko faɗin tayar ce da milimita, ta biyu kuwa tana nuna tsayin gefenta, watau kashi 40 cikin 100 na faɗin, wanda ya kama milimita 90. Taya mai lamba 205/55 R16 gefenta ya kai milimita 113, mai 195/65 R15 kuwa kusan 127. Wannan gefe shi ne matashin da ke tsakanin wili da bakin rami. Babban wili da siririyar taya suna da kyan gani, kuma a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta suna riƙe kwana da kyau, amma rami ɗaya a hanyar Funtuwa da daddare ya isa ya kumbura tayar ya lanƙwasa wilin, mai faci kuwa ba shi da maganin wannan. Wanda ya sayi mota mai wili 18 ko 19, zai yi wa kansa gata in ya sauko zuwa 16 ko 17, muddin birkin motar ya ba da wuri. Har ila yau akwai lambobi huɗu a gefen taya masu nuna ranar haihuwarta: 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana jan kunnen jama'a a kan tsofaffin tayoyi, domin roba tana mutuwa ko da zanenta bai goge ba. Doki 268 a kan taya 'yar gwanjo mai shekara 8, cikin zafin watan Afrilu, ganganci ne da rai.

Batun mai kuma ya sake fuska tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur. Lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuma ta wuce Naira 1,000 a wurare da dama. A ƙaddara mutum yana tafiyar kilomita 1,200 a wata. Mota mai silinda 4 da ke shan lita 9 a kowane kilomita 100 za ta sha lita 108. Mai silinda 6 da ke shan lita 14 cikin cunkoson gari za ta sha 168. Bambancin lita 60 ne, wanda a farashin Naira 1,000 ya kama Naira 60,000 kowane wata, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 Naira 70,000 ne. Kowa ya ɗauki alƙalami ya sa farashin gidan man unguwarsu, ya ga ko matakin albashinsa zai ɗauka. Wanda lissafin ya ƙi masa, ƙaramar mota marar nauyi mai giyar hannu za ta ba shi rabin daɗin ko fiye da rubu'in wahalar.

Motocin zamani da yawa sun magance shan mai ta hanyar turbo, watau wata fanka da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma ta cusa wa ƙaramin inji iska da ƙarfi har ya yi aikin babba. Golf GTI ta 2004 da wannan dabara ta sami doki 200 daga lita 2. Amma fankar tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, cikin zafi mai tsanani, kuma baƙin mai shi ne ranta. Wanda ya saba sayen baƙin mai na awo a bakin titi, ko ya bar shi sai ya yi kauri kamar kwalta, kada ya kusanci turbo. Bugu da ƙari, da yawa daga irin waɗannan injuna an ƙera su ne don fetur mai daraja 95 ko 98, namu kuwa na gidajen mai galibi 91 ne. Injin zai yi aiki, domin kwamfutarsa tana rage masa zafi da kanta, amma wasu daga dawakin da ka biya kuɗinsu sun tsaya a takarda. Ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska cikin 'yan makonni, ga zafin Sakkwato da Maiduguri da ke wuce digiri 40. Lagireto mai tsabta da fanka mai aiki sun fi kowace ƙawa muhimmanci. Akwai wata al'ada ta bakanikenmu, ta cire tamostat da zarar mota ta sauka, wai don ƙasarmu da zafi. A injin zamani wannan ɓarna ce: injin ba ya kai zafin da aka tsara masa, kwamfuta ta yi ta ƙara masa mai, fistan da ringi su yi ta ci.

RANAR CINIKI

Kusan duk wanda ke karanta wannan shafi, in zai sayi irin wannan mota, 'yar Beljiyam zai saya ko wadda aka hau a gida. To, a sani mota mai zafi ba ta cika faɗawa hannun mai haƙuri ba, wanda ya riga ka hawanta mai yiwuwa ya more ta son ransa. Da yawa daga masu shigowa daga Amurka kuma an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye, aka gyara bodi aka fesa fenti, kyan ɗan maciji ke nan. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ana ganinta ta gilashin gaba a gefen direba, kuma da ita ana iya binciko tarihin motar Amurka ta intanet da kuɗi kaɗan. Duk motar da aka sayar a Amurka tun 1996 tana da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike ta karanto ciwon da ke ɓoye. Ka je da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba, ka kuma je da sassafe ka tarar da injin da sanyi, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye hayaƙi da ƙara. A ɗaga kafet a shinshina, a duba tsatsa a ƙarƙashin kujeru. A leƙa salansa a ga ko an yanke tukunyar tace hayaƙi, wadda 'yan gareji ke kira indomi, domin ana sayar da ita dabam da tsada. Ƙarar salansa ba ƙarfi ba ce. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Takardun kwastan kuma a tabbatar da su kafin a biya la'ada.

Abu ɗaya da nake roƙon kada a yi rangwame a kansa shi ne na'urar hana santsi, wadda ke taka birkin ƙafa ɗaya da kanta in ta ji mota za ta juya. Amurka ta wajabta ta ga ƙananan motoci daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma ga dukkan sababbi daga 2014. A ruwan farko na damina, lokacin da kwalta ta haɗa ƙura da mai ta zama kamar karkashi, mota mai turi da baya marar wannan na'ura tana iya juya wa direba fuska zuwa inda ya fito kafin ya ce uffan. In an kunna makulli fitilarta ta kama sa'an nan ta mutu, lafiya. In ta ƙi kamawa sam, a yi zargin an cire ƙwan ne don a rufe laifi.

Saura batun gudu kansa. Dokar hanya ta ƙasar nan ta ba ƙananan motoci kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a manyan hanyoyi, 100 a tagwayen hanyoyi. Daga Kaduna zuwa Zariya kamar kilomita 80 ne. A gudun 100 minti 48 ke nan, a gudun 140 kuwa minti 34. Ribar duka minti 14 ce. Ga farashinta: mota mai gudun 100 tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma bayan an taka birki tana bukatar kamar mita 40 a busasshiyar kwalta mai kyau. Nisan tsayawa ba ya tafiya daidai da gudu, ninkawa yake yi, in gudu ya ninka biyu nisan ya ninka huɗu. A gudun 140 ana bukatar kusan mita 80, a 160 kuwa fiye da 100, ban da abin da mota ta ci kafin ƙafa ta kai kan birki. Saniyar da ta ɓullo daga cikin dawa, ko tirelar da ta mutu ba fitila ba ganye, ba ta san lambar injinka ba. Masu wasan mota a wajen ɗaurin aure, waɗanda ke juyi cikin taron yara, su kam ba da su nake magana ba, maganarsu tana wurin alƙali.

Amfanin ƙarfin inji na gaskiya a hanyoyinmu shi ne rage daƙiƙun da mutum ke yi a hannun da ba nasa ba lokacin wuce babbar mota, da kuma hawan tudu irin na hanyar Jos da mutum biyar a ciki da iyakwandishan a kunne ba tare da injin ya yi nishi ba. Wanda zai gwada mota, a nan zai gwada ta: ya sa ta a gudun 60 ya taka, ya ji yadda take kai shi 100, ya taka birki da ƙarfi a wurin da ba kowa ya ga ko tana ja gefe, sa'an nan ya bi da ita ta layin gidansu, ya haye tudun unguwarsu da kwatar ƙofar gidansa da mutum huɗu a ciki.

Abokin nan nawa daga baya ya sayar da jar motar da hasarar kusan sulusin kuɗinta ga wani matashi ɗan kasuwa. Ya sayi wata toka-toka mai ƙofa huɗu da silinda 6, ya sauke wilinta zuwa 16. Shekararta 3 ke nan a hannunsa, sau ɗaya ta kwana a gareji, lokacin da aka sake mata famfon ruwa. Har yanzu hoton jar yana cikin durowar teburinsa, a ƙarƙashin fayil ɗin hutu.